Jinkar Ɗakin Kaka

Jiya da la'asar hadari ya haɗu a gabashin unguwarmu ta Badariya, baƙi ƙirin, har na sa yara suka kwashe shanya. Iska ta taso ta zubar da ɗanyen mangwaro, aka yi yayyafi kamar da wasa, sai komai ya watse, rana ta fito tana mana dariya. Ƙamshin ƙasar da yayyafin ya tayar ya haɗu da na albasar da nake yankawa, sai ga ni a gidanmu na Gulma, ina ƙaramar yarinya.

In ba ka taɓa zaman bazara a ƙasar Argungu ba, ba ka san sama mai wasa da hankalin mutane ba. Da safe zafi, ko ganye ba ya motsi. Da azahar gabas ta yi duhu, ana cida, awaki na gudu gida. Kafin ka ɗaure akuya ta biyu hadarin ya bi gulbi ya tafi abinsa. Wata rana kuma babu sallama, sai dai ka ji ruwa a ka.

A irin wannan bazarar muka kwaso albasar Babanmu. Shi ya dasa ta a fadama, shi ya yi ta ban-ruwa, amma zazzaɓi ya ɗauke shi kafin ta nuna. Ƙannensa suka cire ta, aka kawo gida a kan jakuna, aka jibge a kan rudu, wato dandamalin itace da kara da ake ajiye albasa a kai don iska ta riƙa ratsa ta. Abin da ya rage shi ne rufi, ga ciyawa ta yi wuya, sai ranar kasuwa. Albasa kuwa in ruwa ya taɓa ta, ruɓewa take yi tun daga tsakiya. Ita ce abincinmu na shekara, ni da Inna da ƙannena, Inna kuma tana takaba, ko zaure ba ta leƙawa.

Kakana, mahaifin Baba, tsoho ne siriri mai tsokana. Amarya yake ce mini, kullum yana ƙorafin ban iya tuwo ba, zai sake ni. Tun rasuwar ɗansa ban ga hawayensa ba, sai dai yakan daɗe tsaye a gaban rudun nan.

Ranar da hadari ya haɗu da gaske, ya kira samarin unguwa ya nuna ɗakinsa.

"Ku ɗauke jinkag ga, ku aza ma albasa."

Baffana ya ce, "Baba, hadarin ga watsewa za shi yi, kamar na jiya."

"Awo, ƙila shi watse. Ni ma ban sani ba. Ku dai ɗauka."

Na sha ganin an ɗora jinka a kan sabon ɗaki ana raha, amma ban taɓa ganin an sauke ta daga ɗakin da mai shi ke ciki ba. Samari suka kewaye, suka sa kafaɗa, rufin ya tashi yana tafiya da ƙafafu barkatai kamar ƙaton kunkuru, ƙadangaru na faɗowa. Aka kafa turaku aka kifa shi a kan rudu. Ana gamawa hadarin ya watse, ko ɗigo ba a yi ba.

Mutane suka samu abin dariya. Tsofaffin majalisa suka riƙa tambayarsa ko ɗakin ne ya yi aski. Shi ma ya taya su, amma ya hana a mayar da jinkar. Ya ci gaba da kwana tsakanin bango babu rufi, yana ce mini, "Amarya, taho ki ga ɗakin da babu irin shi garin ga."

Ruwan ya zo ne wata rana da hantsi, bayan kowa ya saki jiki. Iska ta fara, sai ƙanƙara tana tsalle a tsakar gida, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tabarmarsa da buzunsa kawai aka tsira da su. Muna kallo bangon ɗakin ya jiƙe, gefe guda ya zube a kan gadonsa.

Da aka ɗauke ruwan, Kaka ya cusa hannu cikin albasar har gwiwar hannu, ya zaro guda, ɓawonta na ƙara don bushewa. Inna na bakin ƙofarta tana kuka.

"Baba, ɗakinka," ta ce.

"Ɗaki ana gina wani, ɗiyata. Wanda yad dasa wagga ba shi sake dasa wata."

A zaure ya yi damina. Albasar kuma ita ta riƙe mu har aka yi sabon gero.

Yanzu tamfol ake yafawa, minti kaɗan an gama, kuma na gode Allah da sauƙin. Gidana rufin kwano ne, babu mai iya ɗaga shi. Amma duk bazara in gabas ta yi duhu, nakan ɗaga kai in dubi rufin, in tambayi kaina ko akwai wanda zan iya kwana a fili saboda shi. Kaka bai tsaya tambaya ba.