Na Yi Sallama Ban Tafi Ba

Kalma ɗaya ce ta ja min, kuma ba daga bakina ta fito ba. Mijina ya je Turai karatu, ya gama, ya samu aiki, ni kuma ina gidanmu a Faskari ina jiran ranar da zan bi shi. Wata rana bayan la'asar ya kira ni ya ce ya haɗa kuɗin bizata cif. Na ajiye waya na faɗa wa Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta karkaɗe hannu ta leƙa zaure ta ce wa Baba, "Malam, an biya ma ɗiyarka kujera."

Mu a wurinmu kujera kujera ce. Baba ya taɓa sauke farali, kuma kowa ya san idan maniyyaci ya biya kujerar Makka, to jirgi da masauki da guzuri duk suna ciki, abin da ya rage masa wankin kaya da jiran kira. Haka muka ɗauki biza. Ni da na yi karatu har na koyar a firamare, ban tambayi mijina ko akwai saura ba. Daɗi ne ya hana ni.

Baba ya ce mai tafiya mai nisa ba ya sulalewa, dole in yi sallama. Na kuwa yi ta da gaske. Na je Daudawa wurin dangin Inna, na je Ruwan Godiya, na kwana Ƙanƙara gidan surukaina. Ko'ina sai in durƙusa in nemi gafara, a yafe min, a yi kuka, a ɗauko abin da ya sawwaƙa. Wannan garin kuka, wannan daddawa, wannan yaji, wata tsohuwa ta kwance bakin zane ta damƙa min abin shan ruwa a hanya. Da na dawo sai na hau rabon kayana kamar mai barin duniya. Keken ɗinkina na ba ƙanwata, tukwane na ba matar yayana, har akuyata na kyautar. Ina yi ina jin kaina, ba zan ɓoye ba.

Sai ga waya. Tun daga sallamarsa na san akwai magana, don muryar mijina ta yi sanyi. Ya ce ya zauna cike takardu, sai ya tarar kuɗin biza ƙofa ce kawai. Akwai kuɗin asibiti na shekarun da zan zauna, a dunƙule ake biya tun kafin a taka ƙasar, kuma ya fi na bizar kanta. Akwai gwajin ƙirji da sai na je Abuja, da jarrabawar Turanci, da fassara takardar aure, da kuɗin mota da masauki na duk wannan zirga-zirga. Tikitin jirgi ma daban yake. Ya ce in ba shi lokaci ya tara, wataƙila sai baɗi.

Na ce, "To kujerar fa?"

Ya ce, "Wace kujera?"

Nan na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi masa faɗa son raina, ya bar ni na gama, sannan ya ce shi bai taɓa cewa in yi sallama ba. Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta fi ciwo.

Zaman da ya biyo baya ba na son tuna shi. Jakunkunana suna jingine a ɗaki, warin daddawa ya kama labule da katifa. In zan yi ɗinki sai na aika a aro min keken da na bayar da hannuna. Na fita suna sau ɗaya, wata ta tare ni da fara'a ta ce, "Maraba da mutanen Turai, yaushe a gari?" Wata kuma ta ce, "Halan jirgin ne ya yi faci?" Aka yi dariya, ni ma na yi, na dawo gida na kwanta. Daga ranar na daina fita. Ko maƙwabciya ta yi sallama sai in shige ɗaki in bar Inna da amsa tambaya.

Na lura Baba ya daina zaman hira a ƙofar masallaci, yana idar da salla yake shigowa. Ana gab da faɗuwar damina, ranar kasuwar Sheme, ya fita da sassafe da shanun huɗarsa biyu, ya dawo da igiya a hannu. Ya kira ni zaure ya ce a kira mijina a gaya masa ya ci gaba da cike takardu, abin da ya rage an samu. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga min hannu.

Da ruwa ya sauka na karɓi furarsa daga hannun Inna na ce ni zan kai gona. Rabona da bin hanyar nan a fili har na manta. Na hango gonakin maƙwabta duk an huɗe su, tamu kuwa kunya kaɗan ce a gefe ɗaya. Baba yana duƙe da garmar hannu, mutumin da da shanunsa ake huɗe gonakin rabin unguwa. Da ya ji motsina ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu.

Na ajiye kwanon na durƙusa, kuka ya ƙwace min. Na ce, "Baba, da ka bari ya tara da kansa. Ni zan iya jira."

Ya sha furar ya goge baki, bai dube ni ba. Ya ce, "Ke kina iya jira, ni ba ni iyawa. Ni na tashi cikin masallaci na ce a yi ma ɗiyata addu'ar tahiya, liman ya yi, jama'a suka shafa. Ki tahi kawai, in samu in ɗaga kaina."

Ya miƙo min kwanon, ya sake duƙawa.