Gayyar citta a gonar Mama Saratu

Aikin farko na yau shi ne wasa fartanya.

Ina hanyar gonar Mama Saratu a Manchok, sai dattijon cocinmu ya tsayar da babur a gabana.

"Yohanna, ba ka ji mun janye gayyar haƙar cittarta ba? Ɗanta Dokta ya sake hawa rediyo. Wai babu Allah, wai fastoci suna sayar da mu ga 'yan siyasa."

Ni dai ba gwanin musu ba ne. Na ce, "Baba, na ji shi, raina ma ya ɓaci. Amma Dokta yana birni. Wadda cittarta za ta lalace a ƙasa, ita ke share mana coci kowace Asabar."

"In ka je, coci zai sa ka a horo, ka zauna a bencin baya fa."

"A sa ni, Baba. Daga can ma ana jin wa'azi."

Ni da Mama muka yi ta haƙa, tana rera waƙar zumuntar matan coci. Wataƙila na yi wa dattijo tsaurin ido, ban sani ba. Amma bakin ɗa ya yi magana, gonar uwa ta sha horo? Ku gaya mini.

Gobe akwai sauran rabin gonar, da wanke citta, da gyaran ƙota. Mai zuwa ya zo da fartanyarsa.