Ranar da Na Ƙi Tsallaka Abokina

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, ni saurayi ne mai rawar kai, sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyen da aka yanke mini cibiya, kusa da Garhanga. Mutane na kirana mushe, yadda ake ce wa malamin boko da Faransanci, ni kuwa gani nake ba wanda ya kai ni wayewa. Abin da ya ɗauke mini hankali a lokacin shi ne wata 'yar akwatin ɗaukar hoto da na saya a hannun wani tsohon soja a kasuwar Madawa. Ban mai da ita sana'a ba, sha'awa ce kawai. Rumbunan hatsi, raƙuman Buzaye, duk abin da ya burge ni sai in ɗauka, in ba direba fim ya kai Tawa a wanke.

Da kaka ta yi aka buga kokawa a dandali, na ɗauki hoton zakaran kokawar garinmu, abokina tun muna kiwon awaki. Da hotuna suka dawo ɗoki ya ɗebe ni, na baje su a inuwar da dattawa ke zama, har na ɗaga fim ɗin da aka wanke a rana don in gwada musu gwaninta. Ga abokina nan a ciki fari fat, haƙora baƙi ƙirin, idanu kamar an ƙwaƙule. Wani dattijo ya kau da kai yana neman tsari, ya ce wannan ai kurwar mutum ce. Ni kuwa na sheƙe da dariya, ban tsaya yi masa bayani ba.

Da bazara ta shigo, sanƙarau ya kwantar da abokina. Na roƙi a kai shi gidan likita a Kaita, ba wanda ya saurare ni, domin zance ya riga ya gama gari cewa mushe ya kama kurwarsa ya kulle a akwati. Aka kira ni ƙofar gidansu, na tarar an shimfiɗe shi a tabarma, jama'a sun kewaye. Baffansa ya ce abu ɗaya ake so, in tuɓe riga in tsallaka shi yadda ake sa maye ya yi, in saki abin da na kama. Baƙo zai ce tsallake ai ba wani abu ba ne. Amma wanda ya tsallaka ya amsa sunan maye ke nan a gaban shaidu, kuma a wurinmu maita a nono ake shanta. Sunan zai hau innata, ya hau ƙannena mata, ba mai sake cin tuwon gidanmu balle ya zo neman aure.

Abin da ya fi ci mini rai, innata ce da kanta ta ratso taron, ta kama hannuna tana kuka, ta ce in tsallaka kawai, in dai ɗan mutane zai tashi ta yarda ta ɗauki sunan. Na dubi abokina, na dube ta, na rantse ko yanka ni za a yi ba zan ɗaga ƙafa ba. Na ce ga akwatin nan su duba. Suka farfasa ta da taɓarya, ba su sami komai ba sai ƙarfe da gilashi, suka ce ai na riga na cinye. Abokina ya rasu, aka hana ni bin gawarsa. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga aji, dole aka mai da ni wajen Buza.

Na yi nadamar dariyar nan, kuma ina jan kunnen masu sha'awar hoto su riƙa fahimtar da mutane kafin su gwada musu abin da ba su taɓa gani ba. Amma ƙin tsallakawa, ko yau aka mai da ni ƙofar gidan nan ba zan canza ba, mai cewa da na tsallaka da ya rayu ya yi ta faɗa. Duk wanda aka taru a kansa don ya amsa laifin da bai yi ba, kada ya amsa, domin zargi yakan tsufa ya mutu, abin da ka amsa kuwa har jikoki sai sun gada. Ƙannena duk a garin suka yi aure. Innata ta bar duniya ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba, amma ranar da ta rasu matan garin ne suka yi ta rige-rigen yi mata wanka.