Ranar da injin niƙana ya yi ƙanshin ƙosai

Yau na ga bidiyon masu haɗa dizal da tsohon man suya, na kasa zama.

Lokacin wahalar mai, ƙarshen shekarun casa'in, injin niƙana a Tsafe ya tsaya, babu dizal har Gusau. Kwanukan dawa sun taru, mata sai aike suke yi, ni sai kai-komo nake.

Haushi ya sa na tace tsohon man ƙosan Inna da ɗankwalinta, na sirka da kananzir, na ɗura. Injin ya yi tari, ya tashi!

Sai ga maƙwabcina Malam Isa da kwano: "Ƙanshin ƙosai nika ji, ina mai suyar?"

Na nuna mishi salansar injin, inda hayaƙi ke fita: "Ga ta nan, Malam."

Ranar kowa ya tuƙa tuwo. Inna kam har ta rasu tana cigiyar ɗankwalinta.

Cikinku wa hayaƙin inji ya taɓa sa wa yunwa?