Taken da Ba a Binne Ba

An yi mini aure a shekarar da motoci suka canza hannu a titi, kafin a daina kashe fam da sule. Abin da zan faɗa ya girmi auren nan, tun jirgin ƙasa yana tsayawa Gusau ya kwashi gyaɗa, mu kuma ba mu daɗe da kafa gida a gindin dutsen Kwatarkwashi ba.

Mu rundawa ne, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don haka ba. Kakannina ba su da gari. In an yi girbi sai su ɗora tabarmi da tukwane a kan jakai, mata da yara a baya, su bi kasuwanni. Da rana maza su yi fawa, da yamma su ɗaure hannu su yi dambe, a kwana a bayan gari, don ba kowane mai gari ke son mu a cikin ganuwa ba. Ubana ne ya gaji da yawo ya nemi gona.

Kakata Inna Tumba har ta mutu ba ta saba da ɗaki ba. A tsakar gida take hura karan dawa bayan isha, mu kewaye ta, ni da ƙanena Garba da Dije 'yar baffana. Ta iya muryar kura, ta iya ta zomo, mu yi ta dariya har uwata ta tsawata. Amma akwai guda ɗaya da ba ta buɗe ta yadda ake buɗe sauran. Sai dai ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ku matso. Wagga ba ta dariya ba ta. Wanda yaj ji hitsari shi tahi yanzu."

Ba mai tashi. Wa zai je bayan ɗaki shi kaɗai?

Kowane ɗan dambe da takensa, wato kiɗan kalangun da makaɗi ya yi masa shi kaɗai, in ya ji shi ko yana cin tuwo sai ya miƙe. A al'adarmu, ran da ɗan dambe ya mutu makaɗinsa zai kaɗa taken sau ɗaya, ya sassauta kalangu, ba a sake kaɗa shi har abada. An binne shi ke nan tare da mai shi.

To, in ji Inna Tumba, an yi wani makaɗi da kewa ta dame shi. Wata rana ya je dandali ba kowa, ya kaɗa taken mamaci don ya ji sanyi. Ashe akwai ɗan wani masaƙi, yaron da ko zakara bai taɓa kora ba, yana wucewa. Hannunsa na dama ya dunƙule da kansa. Washegari ya shiga fage ya kayar da duk wanda aka gwada masa. Gari ya ɗauka, aka yi masa kyautar riguna da doki.

Sai dai hannun bai sake buɗewa ba. Ba ya iya yanka loma, ba ya iya ɗibar ruwan alwala. Uwarsa ce ke ba shi abinci a baki. Ana nan sai ta kira shi da sunan da aka yanka masa rago, bai juyo ba. Ta sake kira, shiru. Wani yaro ya wuce ya kira sunan mamacin, sai ya amsa.

A nan Inna Tumba takan jawo ƙwarya ta kife. Mijinta, kakana, a fage ya faɗi a kasuwar Tsafe, bai tashi ba. Sai ta ƙwanƙwasa bayan ƙwaryar da yatsu, a hankali, ta tsaya a tsakiya. "Rabin taken kakanku ke nan," in ji ta. "In na cika, wani cikinku na tashi." Garba ya cusa hannunsa na dama a hammata ya matse. Ƙarshen ɗan masaƙin kuwa, ya ji kiɗa daga cikin dutse ya bi, uwarsa tana riƙe da gefen rigarsa har ta yage. Mu kuma ga dutse tsaye a kanmu, baƙi ƙirin.

Na girma, na haihu, na aurar, abin ya kwanta. Sai bara, jikana Lawwali, wanda ke ɗinki a Gusau yana kuma yin 'yan wasannin barkwanci a waya, ya shigo mini yana tsalle.

"Hajiya, an ɗauke ni! Fim za a yi na 'yan damben da, masu yawo da iyalinsu gari-gari. Cikin samari masu yawa ni aka zaɓa. Darakta ya ce tsayuwata kamar an haife ni a fage."

Na ce, "Kai da allura ke sa ka kuka?"

"Ai dukan ƙarya ne. Tsaya ki ji kiɗan da za a riƙa yi mini, wani tsohon makaɗi suka samo a Bungudu."

Ya danna waya. Farkon na san shi, na ji shi a bayan ƙwarya. Ina jiran ya tsaya inda yake tsayawa, bai tsaya ba. A ranar na fara jin ragowar, ina tsohuwa. Na dubi Lawwali yana murmushi yana gyaɗa kai, hannunsa na dama a kan gwiwa a dunƙule. Ko da gangan ya yi, ko bai sani ba, ban tambaya ba.

Ban yi barci ba. Da safe na sa ya kai ni inda suke aikin, wani fili a bayan gari da aka kakkafa bukkokin tabarma irin namu na da. Daraktan ya durƙusa ya gaishe ni, ya ji bayanina, ya ce, "Hajiya, kiɗa ne kawai." Na wuce shi na nufi makaɗin, Baba Maidamma, tsoho ne sa'ana, yana zaune a inuwa da kalangu a cinya.

Na ce, "Wa ya ba ka taken mijin Tumba?"

Ya ce, "Ke jikatai ta? Ubana na makaɗinai. Ran da yaf faɗi, ana gama jana'iza danginku sunka ɗaure kaya sunka tashi, ba a samu ɗan gida da za a binne taken gabanai ba. Ni gado na iske."

"To ga 'yar gida. Ka binne shi, ka yi ma yaro nashi."

"Hajiya, take ba riga ta ba da za a ɗinka ma mutum. Ni ban yi ma wanda bai taɓa shan naushi ba. Shi shiga gidan dambe, turmi guda, na gaskiya. In ya hito, in ga abin da hannuna zai ce."

Ka ji inda aka tsayar da ni. Ko taken mamaci da dukan ƙarya, ko dukan gaske irin wanda ya kashe kakana. Lawwali ya ce fim ɗin nan ko za a yanka shi ba zai bari ba. Na auna, na ga naushi dai ana ganin zuwansa. Na ce ya shiga.

Ran Juma'a da la'asar aka yi. Ban shiga ba, a cikin keke na zauna a waje, carbi a hannu, ban san abin da nake ja ba. Na ji kalangu, na ji shiru, sai ihu ya tashi gaba ɗaya irin wanda ake yi in mutum ya kai ƙasa. Mai keken ya ce, "Kai, wani ya sha!" Na ce masa ya rufe mini baki. Ba wanda ya fito. Ina ganin ƙofar langa-langar gidan damben, ina ganin Inna Tumba a kasuwar Tsafe.

Can sai ga shi an riƙo shi, leɓe a fashe, ido ɗaya a rufe. Na ƙwala kira, "Lawwali!"

"Na'am, Hajiya. Wallahi katako ne a hannun mutumin nan."

Na kama hannunsa na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Duk suka buɗu.

Baba Maidamma ya yi masa take, ɗan gajere, wai tela ya faɗi ya tashi yana neman hularsa. Da shi aka yi fim ɗin. Na kakana kuwa ya kaɗa shi a gabana sau ɗaya, ya sassauta kalangu.

Da ina yarinya na ɗauka fatalwa Inna Tumba ke tsorata mu da ita. Yanzu na ga abin da ya fi cin ranta uwar nan ce, mai kiran ɗanta yana amsa wa wasu. Lawwali tun fim bai fito ba yara a Gusau sun fara kiransa da sunan ɗan damben da ya fito a matsayinsa, yana kuma juyowa. Shi ya sa kullum da asuba nake sa a kira mini shi a waya in ji da wane suna zai amsa. Ya goge kiɗan kakana daga wayarsa a kan idona. Amma ya ce daraktan yana da shi, masu haɗa fim suna da shi, ya kuma tura wa abokai tun ranar farko. Na tambayi Baba Maidamma yadda ake binne abin da ya shiga waya, ya ce ubansa bai koya masa wannan ba.

Cikin waɗanda suka zauna a bakin wutar nan, Garba ya rasu shekarar da ciwon nan ya sa aka rufe kasuwanni. Saura ni da Dije, tana Kucheri wajen ɗanta. Kunnenta ya toshe, ko an kaɗa a gefenta ba za ta ji ba. Ni nawa garau suke, kuma kowane yaro da ke wucewa ta ƙofar gidana da waya a hannunsa.