Wasiyyar Kaka a Kan Gonar Kwari

Gonar kwari da ke gabas da Ollelewa ta daɗe tana tsaya mini a rai. Ta kakanmu ce, kuma duk cikin gonakinsa ita kaɗai ce ruwa ke kwanciya a cikinta. Da ya rasu, tun kafin a haife ni, baffana ne ya same ta, mahaifina da ƙannensa suka raba jigawa. Na tashi ina ganin geronsu ya fid da kai, namu yana ƙonewa a tsaye. A shekarun fari, da rumbunmu ya ƙare, na je gidansu da ƙwarya. Ɗan baffa, wanda nake kira Yaya, shi ya auna mini da hannunsa, har da gyara. Gyaran nan ya fi yunwar ci mini rai.

Ba na ɓoyewa, hassada nake yi masa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shi bai yi ba. Na zama mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, ina koyar da yara a Tanout, ga albashi ga agogo a hannu. Amma in an taru wurin suna ko ɗaurin aure, shi ake nunawa a ce ga jikan mai kwari, ni kuwa sai an tambaya ɗan wane ne ma. Duk sanda na tayar da zancen rabon, mahaifina yakan ce a bar kaza cikin gashinta. Na ƙudurta a raina cutarsa aka yi, sanyin halinsa ya hana shi magana.

Bayan shi da baffa sun rasu, na shiga neman takardar gadon. Aka ce alƙalin da ya yi rabon ya daɗe a ƙasa, amma takardunsa suna wurin ɗansa, wani tsohon malami a cikin Tanout. Sai da na yi sawu huɗu kafin ya yarda ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa. Takardun a ɗaure suke da igiyar fata, gara ta ci gefensu. Kwana biyu muna ɗaga asirin mutane: ga wanda ya bar raƙumi ɗaya ga ƴaƴa tara, ga tsohuwar da ba ta bar komai ba sai tasoshi da akuya. Da muka zo kan tamu, shi ya karanta, don ni ajami tuntuɓe nake yi a cikinsa.

Ya jero magada, mahaifina a farko, sannan ƙannensa. Babu sunan baffa. Na ce ko ya tsallake layi ne, ya ce bai tsallake ba, ya juya takardar. A bayanta akwai wasiyya daga bakin kaka, gaban shaidu biyu. Ya bar gonar kwari ga yaron da aka bar masa a bakin rijiya shekarar wata yunwa, wanda ya riƙe masa sanda da idonsa ya tafi, bai taɓa barin ya nemi ruwa sau biyu ba.

Malamin ya dube ni ya ce, “Ɗana, ka san ba a yi wa magaji wasiyya. Da ɗan cikinsa ne, da ba ta yiwu ba. Kuma ba ta wuce sulusi ba, babu ƙarar da za ka kai.”

Allah ya yafe mini, daɗi na fara ji. Ashe jikan mai kwari ba jika ba ne. Na sa malamin ya maimaita, na kwafe da boko, na cusa a aljihu. Sai a cikin mota, kan hanyar gida, daɗin ya soma tsami. Na duba kwafin baya da gaba ina neman kalma ɗaya da kaka ya faɗa a kan mahaifina. Babu. Sunansa ne kawai da kasonsa, abin da shari'a za ta ba shi ko ana sonsa ko ba a so.

Duk da haka na tafi kwarin. Lokacin girbi ne, na tarar da Yaya yana ɗaure dami. Ko gaisuwar kirki ban bari mun gama ba, na faɗa masa, ina jiran in ga fuskarsa ta faɗi. Ya gama ɗaurinsa tukuna. Ya ce ai ya sani tun yana yaro, kuma mahaifina ne ya dasa gambar iyakar nan da hannunsa. Sannan ya goge hannu a rigarsa, ya matso.

“Mushe, me tsohon ya ce a kan Baba?”

Ba ya karatu, dole ni na karanta masa da bakina. Da na kai wurin ruwan, ya juya fuska wajen karan gero, ya ce in sake. Na sake. Ya ce bai taɓa sanin an rubuta ba, ya roƙe ni in bar masa takardar ya ajiye wa ƴaƴansa.

Na ce sai na kwafe ta da kyau, in na dawo hutu zan kawo masa. Ya ɗora mini dami biyu, ya raka ni har bakin hanya yana ta godiya. Na dawo hutu sau goma sha ɗaya kafin ya rasu, kuma bai taɓa tuna mini ba. Ban kai masa ba.