Kukan Da Na Zauna Jira

Ina gaida masu karatun wannan mujalla, ina kuma roƙon a sakaya sunana da na ƙauyenmu, don waɗanda zan yi magana a kansu suna nan da ransu. Ni ƴar wani ƙauye ce a ƙasar Gazawa. Kakanninmu masu bin shanu ne, amma tun kafin a haifi mahaifina suka zauna suka kama noma. Shanun sun ƙare, Fulatancin ma ya gudu daga bakinmu, abin da ya rage mana shi ne kunya da dauriya, kuma da su muke yi wa maƙwabta taƙama. A gidanmu mace ba ta kuka wajen haihuwa. Ba ta ma faɗin cewa naƙuda ta taso mata, balle a cikin fari. Ɗaki take shiga ta durƙusa ita kaɗai, kukan jariri ne ke kiran tsofaffi su zo su yanke cibi. Da wannan na tashi, kuma lokacin da nake amarya, ina da shekara goma sha tara, ni ce kan gaba wajen yi wa matan da aka ce sun yi ihu dariya. Ƙarfi gare ni, ina sussuke dami ni kaɗai in sheƙe in daka kafin azahar. Na ɗauka haihuwa ma wani aiki ne irin wannan, wanda raggaye kawai yake ba wahala.

Ba wanda ya gaya mini gaskiya. Da na tambayi Inna, mahaifiyata, sai ta kau da kai ta ce ciwon mara ne kawai da ya ɗan fi na al'ada. Gwaggo kuwa, ƙanwar mahaifina da ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, kullum labarinta shi ne yadda ta haihu a gindin gawo kan hanyar dawowa daga gona, ta naɗo jaririn a zane ta iso gida ba wanda ya ji ko tarinta. Na je awon ciki sau biyu a likita, wato asibiti, ungozomar wurin ta ce da zarar na ji ciwo in taho, na ce mata to, na fito ina dariya a zuciyata.

Da cikina ya kai wata bakwai aka maida ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. A nan na sake haɗuwa da ƴar Gwaggo. Taubashiyata ce, na girme ta da shekara biyu, kuma lokacin ba ta yi aure ba. Kowa ya san wasan taubasai, duk abin da ta gaya mini wasa ne, in na yi fushi ni ce mara hankali. Yarinyar kuwa Allah ya ba ta baki da iya kwaikwayo. In ta ji muryar mutum sau ɗaya ta ɗauke ta ke nan.

Naƙuda ta taso mini da hantsi ina cikin daka. Na ɓoye har la'asar, sannan na shige ɗaki na durƙusa ina jiran abin da aka ce ciwon mara ne. Abin da ya zo daban ne. Ji nake kamar ana faskara bayana da gatari, a sarara kaɗan, a sake dawowa wurin da aka sara. Ba wanda ya ce mini ana amai, ana rawar ɗari cikin zafin rana, ko mace takan ɓata jikinta ba ta sani ba. Na kwana a haka, na wayi gari a haka. Da azahar ta rana ta biyu na ji ba abin da ya rage mini sai mutuwa, sai bakina ya buɗe da kansa. Na yi ihu. Na kira Inna, na kira Allah, daga ƙarshe na kira mijina da sunansa na yanka, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura mana aure. Baffa, mahaifina, yana zaure ya ji. A al'ada kamata ya yi ya bar gidan don kunya, amma sai ya ɗaura wa jaki amalanke, ya ce wa Gwaggo ko ta so ko ta ƙi likita za a kai ni. A can aka ƙara ni, aka ciro yaro ya yi shuɗi, da ƙyar ya yi kuka. Ungozomar tana yi mini ɗinki tana faɗa, ta ce duk naƙudar da rana ta fito mata sau biyu ta wuce ta zaman jira, da mun ƙara jinkiri kaɗan da gawa za ta ba mu.

Na dawo gida da ɗana a raye, na ɗauka magana ta ƙare. Ranar suna, gida cike da mata har da dangin mijina, ina zaune a karkace saboda ɗinki, jikina duk ya saɓule da ruwan wankan jego, sai taubashiyata ta fito tsakar gida. Ta durƙusa, ta dafe ƙugu, ta shiga kiran sunan mijina da muryata sak, har da yadda muryar ta karye a ƙarshe. Mata suka yi ta faɗuwa don dariya. Uwar mijina ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Gwaggo ta ce a bar ni, ƴan zamani ne, amma ita dai ba ta taɓa ganin wadda ta zubar da mutuncin gidan nan kamar ni ba. Inna ta kau da kai, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ni ma na yi dariya, don haka ake so. Daga ranar aka laƙaba mini mai kiran miji, a rijiya, a wajen biki, har a ƙauyen mijina sunan ya bi ni. Ina dariya da baki, amma a ranar sunan nan na rantse a zuciyata cewa sai na ji kukan yarinyar nan da kunnena, ko shekara nawa zan jira.

Shekara uku na jira. Ta yi aure a wani ƙauye wajen Agye, ta samu ciki, aka dawo da ita gidanmu goyon ciki daidai lokacin kaka. Da na ji watanta ya kama, na ce wa mijina zan je in taya Inna roron wake. Ƙarya nake, kallo na je. Tun ranar da na sauka na gaya mata a gaban mata cewa na wanke kunnuwana tas, na kuma haddace sunan mijinta don kada in kasa gane shi in ta kira. Aka yi dariya, yanzu ni ke da bakin wasa. Kullum da safe sai na tambaye ta ko yau ne ranar waƙar. Ta rantse mini cewa gara a ɗauki gawarta da in ji muryarta. Da wata mata mai zagayen wayar da kan masu ciki ta shigo ta ce a kai ta likita tun ciwo na farko, don ita ƙarama ce a jiki, sai na ce gaskiya ne, ta je can, akwai ƙofa da ake rufewa mutum ya sha ihunsa ba mai ji. Na san abin da nake yi. Ina ganin fuskarta na san na toshe mata wannan hanya, kuma na ji daɗi.

Ranar da abin ya zo kowa ya tafi gona, ni na ce kaina ke ciwo. Da hantsi na ga ta tsaya da daka, ta rungume taɓarya, gumi ya feso mata a kan hanci. Ta ɗago ta ga ina kallonta, sai ta ci gaba da daka kamar ba komai. Bayan ɗan lokaci ta shige ɗakin Gwaggo ta saki labule. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a bakin ƙofar, na jawo ƙwaryar wake ina ɓarewa. Wuni guda ina nan. Ina jin numfashinta, ina jin lokacin da ciwon ke tasowa da lokacin da yake lafawa, don ni na san hanyar nan. Da mutane suka dawo da yamma, Gwaggo ta leƙa ta fito tana murmushi, ta ce a ƙyale ta, ƴarta ba irin wasu ba ce, tana faɗi tana duban inda nake.

Washegari rana ta fito mata karo na biyu. Baffa ya yi sammako ya tafi kasuwar Gazawa bai san abin da ake ciki ba, don ba a gaya wa maza. Inna da sauran mata suka koma gona, gida ya rage daga ni sai Gwaggo. Da Gwaggo ta zaga bayan gida na ɗaga labulen. Tana durƙushe ta tura ɗankwalinta a baki, ta cije shi har ya jiƙe da jini, leɓɓanta sun tsage, ruwan da ya zuba a ƙasa ya yi kore. Maganar ungozoma ta faɗo mini a rai, kalma ba ta ɓace ba. Wayata tana ɗaure a bakin zanena, da lambar mai moto, wato mai babur ɗin haya na ƙauyenmu, a ciki. Na durƙusa kusa da ita na ce mata, da muryar wasa, ta yi kuka sau ɗaya kawai, ƙarami ma ya isa, ni kuwa yanzun nan in kira mata moto. Ta dube ni da jajayen idanu, ta girgiza kai. Na saki labulen na koma kan tabarmata. Na gaya wa kaina cewa ba za ta kai azahar ba za ta karye, ai ni ma a nan na karye. Azahar ta yi, ta wuce. Zuciyata tana ce mini in tashi, wata zuciyar tana nuno mini tsakar gidan nan ranar suna da uwar mijina tana dariya a cikin mayafi, sai in ƙara gyara zama.

Wajen la'asar na lura ko numfashin na daina ji. Gwaggo ta shiga, kuma ihun da na yi kwana biyu ina jira daga bakin Gwaggo ya fito. Sai a lokacin na kira moto. Muka sa ta a tsakiya, ni a baya ina riƙe da ita, kanta yana lilo a kafaɗata. A likita suka duba suka ce ya fi ƙarfinsu, aka sa mu a mota zuwa Maradi. Aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji, ƙato, ya riga ya mutu. Suka ce kan yaron ya daɗe yana danne da mafitsararta har wurin ya huje. Ni na yi jinyarta. Da ta farfaɗo ta gan ni a gefen gado, kafin ta tambayi ɗanta, tambayata ta yi ko ta yi kuka lokacin da hankalinta ya gushe, don ba ta iya tunawa. Na ce mata ba ta yi ba. Ta lumshe ido ta ce alhamdu lillahi.

Ta dawo gida da yoyon fitsari. Mijin ya zo dubiya sau biyu, daga nan ya aiko cewa ta zauna ta huta, hutun da har yau bai ƙare ba. An yi mata ɗinki sau biyu kafin abin ya tsaya. Bakin nan mai kwaikwayo ya mutu, ba ta zuwa biki, ba ta zuwa rijiya sai in ba kowa. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: a kwanakin farko, duk da tausayin da nake ji, akwai wani lungu a zuciyata da ya ce ta gani ita ma. Ina neman gafarar Allah a kan wannan fiye da komai. Amma Gwaggo kam ban yafe mata ba, kuma ba na jin zan iya. Har gobe tana zama cikin mata tana cewa ƴarta ta yi kwana biyu a durƙushe ko uhum ba ta ce ba, su kuma suna jinjina kai. Duk ranar da na ji ta sai in ji kamar in kama hannunta in ja ta bayan gari, in nuna mata ƙaramin kabarin da shirun ya haifa.

Abin da na koya shi ne, ihun da na yi shekaru ina jin kunyarsa shi ya sa ɗana yake tafiya lakol yau da jakarsa ta ɗan makaranta. Iyaye mata, ku gaya wa ƴaƴanku gaskiyar naƙuda tun kafin ta zo, kada ku bar su su je mata da labarin gindin gawo. Mai ciki, in ciwo ya taso ki faɗa, ki yi kuka, ki kira duk sunan da ya zo bakinki, a kai ki likita. Masu dariya za su gaji. Ke kuma da aka taɓa yi wa dariya kike ɗauke da abin a ciki kina jiran ranarki, ki ji tsoron ranar nan, don tana zuwa, kuma ba ke za ki zaɓi abin da za ta ci ba. Ni kuka ɗaya kawai na nema.

Taubashiyata ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Abin da na gaya mata a bayan labule ta ɗauke shi wasan taubasai, sauran kuma ta ce ƙaddara ce. Duk inda ta zauna cewa take ni ce na kira moto na ceci ranta. Takan faɗa a gabana, tana riƙe da hannuna, ni kuma har yau ban iya buɗe baki na gyara mata ba.